Zaɓen Aksil na Baya Wajen Sake Gina Tsofaffin Motocin Amurka Masu Ƙwanji

Tsakanin shekarar 1964, lokacin da Pontiac ta fito da motar GTO, da farkon shekarun 1970, lokacin da tsadar inshora da dokokin rage hayaƙi da ƙarancin man fetur na 1973 suka taru suka durƙusar da kasuwarsu, kamfanonin birnin Detroit sun ƙera wani rukunin motoci da Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji, wato motoci matsakaita a jiki waɗanda aka ɗora wa manyan injuna masu silinda takwas, tayoyin baya kuma ke tura su. Chevelle da Camaro na Chevrolet, da Mustang da Torino na Ford, da Charger da Road Runner na gidan Chrysler, duk 'ya'yan wannan zamani ne, kuma har yau akwai masu sayen gangar jikinsu su sake gina su daga tushe, sau da yawa da injin da ya fi na asali ƙarfi. Batun wannan lacca shi ne ɓangare ɗaya na wannan aiki wanda magina kan bari sai kuɗi ya kusa ƙarewa, wato aksil na baya, kuma abin da take son tabbatarwa shi ne cewa irin tayar da za a sa da irin giyabos ɗin da ke gaba su ne ke yanke hukuncin aksil ɗin da ya dace, tun kafin a zo maganar sunan da ya fi tashe a kasuwa.

Aksil na baya a waɗannan motoci bututun ƙarfe ne guda ɗaya da ya ratsa daga taya zuwa taya, mai kumburi a tsakiya, kuma ayyuka uku yake yi a lokaci guda. Farfela, wato doguwar sandar da ke kawo juyi daga giyabos, tana juya wata ƙaramar giya da ake kira finiyon, ita kuma tana cizon wata babbar giya mai siffar zobe da makanikai ke kira kirawun, ta haka juyin ke karya kwana ya nufi tayoyi, saurinsa ya ragu, ƙarfin murɗawarsa ya ƙaru. A cikin kirawun ɗin akwai difarenshiyal, tarin ƙananan giyoyi da ke bai wa tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan mota na shan kwana, tamkar yadda mahayin da ke gefen waje a sahun dawaki yake ƙara sauri idan sahun zai juya. Daga nan sanduna biyu, waɗanda ake kira shaf, suke kai juyin ga tayoyi. Idan aka ji ana cewa aksil mai inci tara ko mai inci 8.75, faɗin kirawun ɗin ake nufi.

Lissafi ɗan kaɗan ya isa ya nuna irin nauyin da wannan ɓangare ke ɗauka. Chevelle SS 454 ta shekarar 1970 mai injin LS6 an yi mata rajista da ƙarfin doki 450 da ƙarfin murɗa fam-ƙafa 500, kuma idan aka haɗa ta da giyabos na hannu na Muncie wanda giyarsa ta ɗaya ke ninka ƙarfi sau 2.20, sannan aksil ya sake ninkawa sau 4.10, abin da ke iya isa ga shaf biyun ya haura fam-ƙafa 4,500. Sai dai wannan adadi ba ya tabbata sai taya ta riƙe ƙasa, domin da zarar ta sulɓe ta fara hayaƙi, ƙarfin ya sami mafita kuma ƙarfen ya huta. Tayoyin wancan zamani, irin su Goodyear Polyglas masu lamba F70-14, sirara ne kuma robarsu tauri gare ta, saboda haka su suka riƙa kare aksil ba tare da kowa ya yi musu godiya ba. Maginin yau da ya sa faffaɗar taya mai taushin roba irin ta tseren miƙe, ko da bai taɓa injin ba, ya toshe wannan mafita, kuma duk ƙarfin da da yake tafiya a hayaƙi yanzu haƙoran giya da shaf ne za su sha shi. Wannan ne dalilin da ya sa mota mai doki 600 a kan tayar titi takan shekara da aksil ɗinta lafiya, yayin da mai doki 400 a kan tayar tsere takan karya nata a tashi ɗaya.

Injiniyoyin Chrysler sun bar shaida mai kyau a kan rabi na biyu na wannan magana, wato giyabos. Injinsu na 426 Hemi, mai doki 425, idan aka saye shi da giyabos mai sarrafa kansa na TorqueFlite, aksil mai inci 8.75 kamfanin ke sa masa a al'ada, amma idan aka saye shi da giyabos na hannu mai giya huɗu, sai a sa masa Dana 60 mai kirawun inci 9.75. Injin ɗaya ne, nauyin mota kusan ɗaya, bambancin kawai shi ne cewa giyabos mai sarrafa kansa yana miƙa ƙarfi ta cikin mai, wanda ke tausasa bugun farko, alhali direban da ya taka totur ya saki kuloci farat ɗaya yana aika wa haƙoran giya duka irin na guduma. Ƙarfe yakan jure matsi mai ɗorewa fiye da yadda yake jure bugu, don haka tambaya a kan giyabos tana gaba da tambaya a kan ƙarfin doki.

Aksil ɗin da sunansa ya fi kowanne yawo shi ne na Ford mai inci tara, wanda aka fara ƙerawa a 1957 aka daina a 1986, kuma shahararsa tana da dalilai na gaskiya. Finiyonsa yana da boris uku maimakon biyu, domin bayan biyun da ke riƙe wuyansa akwai wani ƙarami a can ƙarshen kansa, wanda ke hana shi kaucewa daga kirawun idan ƙarfi ya yi yawa, kuma wannan kaucewa ita ce asalin karyewar haƙora a mafi yawan lokuta. Haka kuma finiyon yana zaune inci 2.25 ƙasa da tsakiyar kirawun, abin da ke sa haƙoran su haɗu a wuri mai faɗi. Ana riƙe shaf ɗinsa da faranti da ƙusoshi a bakin bututu kusa da taya, ta yadda ko ya karye a ciki taya ba za ta fice ba. Abin da ya fi jan hankalin masu tsere kuwa shi ne cewa dukkan giyoyin suna zaune ne a cikin ƙoƙo guda da ake kwancewa ta gaba a sauke shi ɗungurungum, kamar yadda duk makanikin da ya taɓa sauke ƙoƙon aksil na Hilux ya sani, saboda haka mutum na iya ajiye ƙoƙo biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na fili, ya musanya su cikin yini ɗaya. Motocin tseren NASCAR sun shafe shekaru da dama a kan wannan tsari, kuma kamfanoni irin su Currie da Strange da Moser suna ƙera kowane ɓangarensa sabo, har ana iya haɗa aksil sukutum wanda babu ko noti ɗaya na Ford a jikinsa.

Duk da haka akwai abin da ake biya. Zaman finiyon can ƙasa yana sa haƙoran su goga juna fiye da yadda suke mirginawa, gogayya kuwa zafi ce, zafi kuma ƙarfin inji ne da bai isa taya ba, ko da yake asarar ba ta da yawa. Yana kuma sauke bakin farfela ƙasa, abin da kan tilasta canza tsawonta da kusurwarta. Sannan ba kowane inci tara ne ƙaƙƙarfa ba, domin mafi yawan waɗanda ake tsinta a wuraren sayar da tsofaffin kayan mota suna da ƙoƙon zubin ƙarfe na gama-gari da siraran shaf, kuma ƙoƙon da ake nema, wanda aka zuba da ƙarfe mai jure lanƙwasa aka buga masa harafin N, ya yi ƙaranci tun tuni. Wanda ya sayi irin na gama-garin ya sa a Chevelle don kawai sunansa inci tara, yana iya tarar da cewa ya cire aksil mai kyau ya sa wanda bai kai shi ba.

Abokin hamayyarsa na gidan General Motors shi ne mai ƙusa goma sha biyu, wanda aka sa wa motoci daga 1965 zuwa 1972, mai kirawun inci 8.875 da ƙusoshi 12 ke riƙewa. Finiyonsa inci 1.5 kawai ya sauka ƙasa da tsakiya, don haka ya fi inci tara tattalin ƙarfi kuma ya fi shi sauƙin nauyi, ga shi kuma yana shiga Chevelle ko Camaro ko Nova ba tare da walda ba, in dai an samo na irin motar. Rauninsa yana wajen riƙon shaf, domin wani ɗan ƙarfe mai siffar harafin C ne ke maƙale ƙarshen shaf a can cikin difarenshiyal, kuma idan shaf ya karye a tsakani babu abin da zai hana taya da guntun shaf ficewa daga mota tana cikin gudu. Hukumar NHRA, wadda ke tsara tseren rubu'in mil a Amurka, ta wajabta shaf na musamman da abin riƙe shi a kan motar da ke cinye tazarar cikin daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne a yanke bakin bututun a walda masa baki irin na Ford mai faranti, domin na'urorin da ake ɗaurawa da ƙusoshi don maye gurbin ɗan ƙarfen sun yi suna wajen yoyon mai idan ana yawo da su a titi. Mai saye kuma ya kula, domin na manyan motocin ɗaukar kaya mai ƙusa goma sha biyu wuyan finiyonsa ya fi siranta kuma kayansu ba sa musanyuwa, sannan Oldsmobile ta yi wani aksil mai murfi da ƙusa 12 alhali kirawun ɗin ciki ƙusa 10 ke riƙe shi, kuma ƙirga ƙusoshin murfi kaɗai ya sha jefa masu saye cikin asara.

Na Chrysler mai inci 8.75 shi ma ƙoƙonsa ana sauke shi, kuma ana bambance nau'o'insa da lambobin ƙarshe na zubi, wato 741 da 742 da 489, inda biyun ƙarshe suka fi kaurin wuyan finiyon kuma su ake nema. Dana 60 ya fi duk waɗanda aka ambata ƙarfi a yadda ya fito daga masana'anta, amma ya fi su nauyi, kuma nauyin aksil nauyi ne da sifirin ba ya ɗauke da shi, wanda ke sa bayan mota ya riƙa tsalle a kan hanya mai gargada. Akwai kuma biyu da masu gini kan raina ba bisa hujja ba. Na General Motors mai ƙusa goma da kirawun inci 8.5, wanda ya zo a farkon shekarun 1970, kaurin wuyan finiyonsa daidai yake da na mai ƙusa goma sha biyu, kuma da shaf masu kyau yana ɗaukar injin titi mai ƙarfi ba tare da ƙorafi ba. Na Ford mai inci 8.8, wanda ya shiga Mustang a 1986, kusan tagwayen mai ƙusa goma sha biyu ne a tsari, kuma wanda ake cirowa daga Explorer ta 1995 zuwa 2001 yana zuwa da birkin faifai da kauraran shaf a farashi mai rahusa, ko da yake finiyonsa ba a tsakiya yake ba, don haka akan gajarta dogon ɓangaren bututun a yi amfani da gajerun shaf biyu. A ra'ayin mai wannan lacca, motar da za ta yi rayuwarta a titi da tayar titi ba ta da wata bukata da ɗayan waɗannan biyun ba zai biya ba.

Ƙarfin shaf ana gane shi ne daga yawan haƙoran da aka tsaga a ƙarshensa inda yake shiga difarenshiyal, domin yawan haƙora yana tafiya da kauri. Mai haƙora 28 kaurinsa kusan inci 1.2 ne, mai 31 kusan inci 1.3, mai 35 kuwa inci 1.5, kuma da yake juriyar sanda ga murɗawa tana ƙaruwa ne da kaurinta a ninke sau uku a kanta, ƙarin da ido ke rainawa daga 28 zuwa 31 yana kawo kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarin ƙarfi, mai 35 kuma ya kusa ninka mai 28.

Maganar da ta fi shafar jin daɗin mai mota kullum ita ce rabon giya, wato sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya, wanda ake samu idan aka raba haƙoran kirawun da na finiyon, kamar 41 da 11 da ke ba da 3.73, ko 40 da 13 da ke ba da 3.08. Babban adadi yana sa mota ta zabura da wuri amma injin ya riƙa kuka a doguwar tafiya, ƙaramin adadi kuma akasin haka. Magina suna amfani da wani lissafi mai sauƙi, inda ake ninka gudun mota a mil cikin awa da rabon giya da kuma 336, sannan a raba da tsayin taya a inci, a sami juyin inji a minti ɗaya. Motar da ke gudun mil 70, kimanin kilomita 113 a awa, a kan taya mai inci 26 da tsohon giyabos wanda giyarsa ta ƙarshe ba ta rage komai, injinta zai yi juyi kusan 2,800 da rabon 3.08, kusan 3,400 da 3.73, kusan 3,700 da 4.10. Babban inji mai silinda takwas da aka riƙe a juyi 3,700 na tsawon awa uku yana shan mai, yana zafi, yana kuma gajiyar da kunnen direba, kuma wannan ne ya sa motoci da yawa da aka gina da 4.10 saboda burgewa suka ƙare a ajiye a gareji.

Giyabos na zamani ya sauya wannan lissafi gaba ɗaya, domin yana da giya ta sama wadda ke sa farfela ta fi injin saurin juyi. Da giyabos na Tremec mai giya biyar wanda ta biyar ɗinsa 0.64 ce, wannan mota mai rabon 3.73 za ta sauko zuwa juyi kusan 2,160 a wancan gudu na mil 70, ta sami zaburar da ake so a gari da kuma natsuwa a babbar hanya. Amma dole a dubi giya ta ɗaya ita ma. Magina da yawa suna neman ninkin giya ta ɗaya da rabon aksil ya faɗo kusa da goma, kuma a nan ake gane dalilin da ya sa Muncie mai 2.20 ke son 4.10, wanda ke ba da tara da ɗan ɗoriya, yayin da giyabos mai giya ta ɗaya 3.27 ya riga ya kai goma da rabon 3.08 kacal, kuma idan aka haɗa shi da 4.10 giya ta ɗaya za ta ƙare kafin mota ta tsallake mararraba. Akwai wani tarko a mai ƙusa goma sha biyu da Dana 60, domin gidan difarenshiyal da ake ɗaura wa kirawun ya kasu aji aji gwargwadon rabon giya, kuma wanda ya tashi daga 3.73 zuwa 4.10 a na Chevrolet yana bukatar wani gidan daban ko kirawun mai kauri na musamman. Inci tara ba shi da wannan matsala, kuma wannan ma yana cikin dalilan farin jininsa.

Difarenshiyal na gama-gari yana da aibi guda, wato yana tura juyi ga tayar da ta fi sulɓi, shi ya sa kowane kamfani ya sayar da wani nau'i mai taƙaita sulɓi da sunansa, Positraction a Chevrolet, Safe-T-Track a Pontiac, Traction-Lok a Ford, Sure-Grip a Chrysler. Yawancinsu da fayafayan kuloci ko mazugi suke aiki, suna cinyewa da tsufa, kuma suna bukatar wani sinadari a cikin man giya don kada su riƙa kakkarwa a kwana. Truetrac na kamfanin Eaton da giyoyi masu murɗaɗɗun haƙora yake aiki, babu abin cinyewa a cikinsa, kuma shi ya fi dacewa da motar titi. Detroit Locker yana kulle tayoyin biyu gam idan an taka totur ya saki a kwana, da ƙara da ɗan fizga da sai an saba. Na ƙarshe shi ne dunƙulen ƙarfe da ke ɗaure shaf biyu har abada, wanda wurinsa filin tsere ne kawai, domin a titi mai ruwa yana iya juya mota ta fuskanci inda ta fito.

Aksil mafi ƙarfi ba shi da amfani in bai zauna daidai a ƙarƙashin mota ba. Camaro da Nova da Mustang da motocin Chrysler suna kan sifirin mai falle-falle, wanda kujeru biyu kawai yake bukata a walda a jikin bututu, amma Chevelle da GTO da danginsu suna kan sifirin mai naɗi da hannuwa huɗu, biyu na sama kuma suna kama wasu kunnuwa ne da aka zuba tare da tsakiyar aksil, don haka sa musu inci tara yana bukatar gidan da aka ƙera musu musamman. Faɗin aksil ana auna shi daga fuskar da wili ke zama zuwa ɗaya fuskar, kuma hanya mafi aminci ita ce a sayi wili da tayoyi tukuna, a tsayar da su a inda ake so cikin ramin taya, a auna tsakaninsu, sannan a ba da odar aksil. Ramukan ƙusoshin wili ma sun bambanta, na General Motors biyar ne a da'ira mai inci 4.75, na Ford da mafi yawan na Chrysler biyar a inci 4.5. Kusurwar finiyon kuma sai ta yi daidai da ta giyabos domin mahaɗan farfela su soke rawar juna, kuma a mota mai sifirin falle-falle akan ɗan sunkuyar da hancin finiyon ƙasa, saboda yana ɗagawa sama idan an taka totur. Walda tana lanƙwasa bututu, saboda haka ana haɗa bakunan ne a ƙarshe da sandar awo a ciki, in ba haka ba boris zai riƙa cinyewa ba a san dalili ba.

Motar da har yanzu take ɗauke da aksil ɗinta na asali hukuncinta daban ne, domin masana'anta ta buga lambobi a jikin bututu ko ta rataya ɗan faranti da ke nuna rabon giya da lokacin ƙira, kuma masu tara irin waɗannan motoci suna biyan kuɗi mai yawa idan lambobin inji da giyabos da aksil sun yi daidai da takardun motar. Irin wannan aksil ba a yanke shi ba a kuma yi masa walda. Idan har ana son ƙarin ƙarfi, sai a sauke shi a shafa masa mai a ajiye, a sa wani a gurbinsa wanda zai shiga da ƙusoshin asali.

Haɗa giyoyin kansa aiki ne na awo mai tsanani, kuma aksil da yawa da ake zargi da rauni a wajen haɗi aka kashe su. Dole finiyon ya nutsa cikin kirawun daidai zurfin da ake so, ɗan wasan da ke tsakanin haƙora kuma a mafi yawan sababbin giyoyin titi yakan kasance tsakanin inci 0.006 da 0.010, ana kuma shafa wa haƙoran wani fenti mai launin rawaya a juya su, a karanta sawun da suka bari don a ga ko cizon yana tsakiyar haƙori. A inci tara da na Chrysler mai inci 8.75 ana daidaita wasan da manyan noti masu zare, a mai ƙusa goma sha biyu kuwa da siraran fayafai ake yi, a kwance a sake ɗaurawa har sai awo ya fito. Sababbin giyoyi suna bukatar man giya mai daraja GL-5 da tafiya a hankali, a yi 'yan mil a tsaya su huce, kuma masu ƙera su galibi suna shawartar a guji tashin tsere da jan kaya har sai an yi mil 500, kimanin kilomita 800, sannan a zubar da man farko a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a cikinsa kafin a zuba sabo.